47 a Gurbin 74

Ban taɓa shiga ɗakin jarrabawa da 'yar takarda a aljihu ba. Ban taɓa rubutu a cinya ko a tafin hannu ba, ban kuma taɓa miƙa wuya in leƙa amsar na kusa da ni ba. Shi ya sa har na kai aji uku a jami'a, da wani zai tare ni ya kira ni ɓarawon jarrabawa, da sai an raba mu. A wurina masu satar amsa su ne waɗanda ba su iya ba. Ni kuwa na iya, ni ne ma wanda ake layi a wurinsa.

Daga abokin ɗakina abin ya faro. Tun shekarar farko muke tare, gadonsa a sama nawa a ƙasa. Mutum ne mai kirki, irin wanda in ka kwanta ciwo shi zai kwana a zaune, sai dai shi da lissafi ba sa ga maciji. Kwas ɗin ƙididdiga kuwa dole ne ga duk wanda ke tsangayarmu. Wani dare, ana gobe za a miƙa jinga, ya tasa takarda a gaba har ƙarfe biyu bai cika layi uku ba. Na ce kawo in nuna maka. Na nuna masa sau ɗaya, na sake, na ga idonsa yana kaina amma hankalinsa ya yi nisa, ga shi ni ma barci ya fara fizgata. Sai na jawo takardar na ƙarasa masa. Koya masa zai ci awa uku, yi masa ya ci minti ashirin. Wannan ɗan lissafin da na yi a raina shi ya kai ni inda na je.

Ya ci jingar. Ya faɗa wa wani, wani ya faɗa wa wata. Wanda ya fara ba ni kuɗi ban tambaye shi ba, shi ya tura mini a aljihu ya ce ladan wahala ne. Na yi ɗan ƙi na baka, na karɓa. Kafin zangon ya ƙare na san kuɗin jinga, na san na rahoton aikin gwaji, na san na babi ɗaya na kundin kammala digiri. Kuma duk wannan lokacin sunan da nake kiran abin a zuciyata shi ne taimako.

Sana'a ce mai dabarunta, na kuwa ƙware. Ba na yi wa mutum aikin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya saba cin maki na tsaka-tsaki, aikin tsaka-tsaki zan yi masa, har in dasa masa kuskure ɗaya ko biyu da gangan don kada malami ya ɗaga gira. Nakan karɓi tsohon rubutun mutum in ga yadda yake gina jimla, in kwaikwaye shi. In mutum uku suka kawo jinga iri ɗaya, na ɗaya in fara masa da ma'ana, na biyu da misali, na uku da tambaya. A lokacin makarantarmu ta fara amfani da manhajar gano kwafe, ana ta tsorata mu da ita a kowace lakca. Ni ko a jikina. Irin waɗannan manhajoji, waɗanda Turnitin ta fi shahara a cikinsu tun kafa ta a 1998, aikinsu su gwama rubutunka da abin da ke rumbunsu na littattafai da shafukan intanet da tsofaffin ayyukan ɗalibai, su nuna inda aka yi kama. Abin da aka zauna aka rubuta sabo fil ba shi da abokin kama. Manhajar tana cafke malalacin da ya kwafo ya liƙa, wanda ke da kuɗin biyan irina kuwa ya wuce ta gabanta yana fito.

Sai daga baya na san cewa abin da nake yi yana da suna. Tun 2006 wasu malaman kwamfuta biyu a Ingila, Thomas Lancaster da Robert Clarke, suka raɗa masa sunan da ke nufin maguɗin kwangila. Na kuma san cewa akwai kamfanoni sukutum da ba su da wani aiki sai wannan, har ta kai Ostireliya ta yi doka a 2020 mai ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga masu sayar da irin wannan aiki, Ingila ma ta haramta shi a 2022. Ni dai ƙaramin ɗan tireda ne a wannan kasuwa, amma kasuwar ɗaya ce.

Rana dubu ta ɓarawo. Tawa ranar ta zo ne a kan lamba guda.

Malamar da ke ɗaukar mu ƙididdiga a aji uku dattijuwa ce, ba ta da hayaniya, ba ta kuma taɓa yi mana barazana da wata manhaja ba. Ta ba mu jadawalin bayanai na mutum 30, kowa ya je ya yi nazari ya rubuto rahoto. Na karɓi aikin mutum uku ban da nawa: abokin ɗakina, wanda har kullum kyauta nake yi masa, wata yarinya da ke aiki da dare tana karatu da rana, ga jinyar mahaifiyarta, sai wani ɗan gata da ya fi kowa biyana da kyau. Don in rage wa kaina wahala na shigar da bayanan cikin kwamfuta sau ɗaya, na fitar da rahoto huɗu daga ciki. Kalmomi daban, tsari daban, har zanen jadawali daban. Abin da ban lura ba shi ne a layi na 18 hannuna ya juya lamba, na buga 47 inda aka rubuta 74. Ajinmu ya haura mutum ɗari. Kowa ya sami amsa iri ɗaya, sai mu huɗu muka sami wata amsar daban, kuma tamu ta yi daidai da juna har bayan ɗigo.

Ashe Malama da hannu take bin lissafin kowa. Wa zai zaci haka a aji mai wannan yawa?

Ba ta yi shela ba. Ɗaya bayan ɗaya ta kira mu ofis, kuma ba ta ce wa kowa ya yi sata ba. Rahotonka za ta ajiye a gabanka ta ce ka yi mata bayani. Abokin ɗakina ta fara kira. Ta nuna masa wani layi ta ce, "Mutum 30 ne a jadawalin, me ya sa a nan ka raba da 29?" Duk wanda ya yi aikin da hannunsa ya san amsar, don ita ce ƙa'idar da ake bi in ana auna bazuwar samfuri, a rage ɗaya daga adadin. Shi kuwa ya ce kuskure ne, zai gyara. Ta ce masa, "Wannan layin daidai yake, ɗana. Shi ne ma abin da ya fi kyau a rahoton." Ya ce daga nan bai san lokacin da hawaye ya zubo masa ba. Ya faɗi sunana. Ban taɓa riƙe shi da wannan ba, ko da yake shi ya daɗe yana riƙe da kansa.

Yarinyar ma ba ta ja ba. Ɗan gatan ne aka kira na ƙarshe, bayan kwana biyu, kuma kwana biyu sun ishe shi. Ya ji irin tambayoyin da ake yi, ya nemi wani ya zaunar da shi ya haddace amsoshin. Ya shiga ofis ya amsa komai tiryan-tiryan.

Da layi ya zo kaina ba ta tambaye ni 29 ba. Ta jera rahoto huɗun a kan tebur, ta zagaye 47 da jan biro a kowanne, ta juyo da su gabana. Muka yi shiru. Can ta ce, "Na karanta huɗun. Murya ɗaya nake ji tana canza riga." Na ce, "Malama, ni na rubuta su." Ta gyaɗa kai. Ta ce dole ta kai rahoto, doka ba ta bar mata zaɓi ba, kuma ko da ta bar mata za ta kai. Ta ƙara da wata magana da ta fi zagi ciwo. Ta ce, "Abokinka ya shekara uku yana kwana ɗaki ɗaya da wanda ya fi kowa iya wannan kwas, kuma bai san dalilin rabawa da 29 ba. Wannan aikinka ne."

Wanda bai taɓa shiga hannun kwamitin ladabtarwa ba yana zaton hukuncin ne abin tsoro. Jiran ya fi hukuncin. Aka ba mu fom kowa ya rubuta jawabinsa ya sa hannu. Aka riƙe sakamakonmu na zangon gaba ɗaya, har na kwasa-kwasan da ba ruwansu da maganar. Wata huɗu muna zuwa lakca, muna rubuta gwaji, ba mu san ko za a lissafa mana ba. Ba wanda zai ce maka ga ranar zama. Sai ka ga an liƙa takarda a allon sanarwa, ka je da faɗuwar gaba, ka tarar ba taka ba ce. A cikin wata huɗun nan na rame har wandona ya daina zama. Ban faɗa wa kowa a gida ba.

Ranar zaman, mutum bakwai na tarar a bayan dogon tebur, wani farfesa a tsakiya, sakatare a gefe yana rubutu, da wakilin ɗalibai da bai ce uffan ba har aka tashi. Aka karanta mini tuhuma. Farfesan ya ce me zan ce.

"Ranka ya daɗe, haka aka yi. Ni na rubuta."

"Wannan ne karo na farko?"

Na ga sakataren ya ɗago kai ya dube ni. Yau da nake zama a irin kujerarsa na san ma'anar wannan kallon. Cewa yake yi, yaro, abin da ke gabanmu huɗu ne, tsaya a kan huɗu. Ba su da wata hujja a kan sauran. Da na ce shi ne na farko, ba mai iya ƙaryata ni.

"A'a, ranka ya daɗe. Na kusa shekara biyu ina yi."

Ba zan yi wa kaina kirari in ce tsoron Allah ne tsantsa ya sa ni faɗa ba. Akwai shi, amma akwai gajiya ma. Na gaji da riƙe abin. Ɗakin ya yi tsit. Sai wata daga cikinsu ta turo mini takarda ta ce in rubuta sunayen duk waɗanda na taɓa yi wa aiki. A nan na toge. Wasu sun riga sun gama sun tafi, wasu saura musu wata biyu. Na ce, "Ranku ya daɗe, laifina na faɗa, na wasu ba zan iya ba." Aka rubuta cewa na ƙi ba kwamiti haɗin kai. Har yau in na tuna wannan wurin ba na samun natsuwa ta kowane ɓangare. Da na rubuta, da na rusa mutum kusan ashirin da ni na buɗe musu ƙofa. Da ban rubuta ba, ga su can da takardun da wani yanki nasu gumina ne.

Ɗan gatan ya shiga bayana. Ya ce shi bai taɓa ba ni ko sisi ba, tare muka zauna muka shigar da bayanan, shi ya sa kuskuren ya zama ɗaya, kuma ai Malama ba ta hana tattaunawa ba. Kuɗin hannu da hannu ya ba ni, babu shaida. Maganata ce da tasa, ni kuwa yanzun nan na gama shaida wa kwamiti da bakina cewa na shekara biyu ina ha'inci. Wa za a gaskata?

Hukunci ya fito bayan majalisar jami'a ta zauna. Ni an dakatar da ni zango biyu, shekara guda ke nan. Abokin ɗakina da yarinyar an kayar da su a kwas ɗin, an dakatar da su zango ɗaya. Ɗan gatan aka ba shi takardar gargaɗi, aka ce ya sake jingar.

Ban ce an zalunce ni ba. Shekara guda daidai take da abin da na shuka, wataƙila ma an yi mini sauƙi, don a dokar akwai kora. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda aka jera mu. Wanda ya faɗi gaskiya duka ya fi kowa shan duka, waɗanda suka faɗi tasu suka biyo baya, wanda ya kafe a kan ƙarya ya fita da ɗan ƙura a riga. Kuma duk ajin sun gani. Darasin da mutum ɗari suka ɗauka daga shari'armu ba wai kada a yi ba ne. Cewa suka yi, in an kama ka, ka musa.

Yarinyar ba ta dawo ba. Tallafin karatun da take samu yana da sharaɗin kada a sami tabo a fayil, aka yanke shi. Zango ɗaya aka rubuta mata a takarda, amma a zahiri korar ta aka yi, kuma babu wanda ya zauna ya yanke mata wannan hukuncin, shi ya faɗo da kansa. Sau ɗaya tak ta taɓa kawo mini aiki. Ranar da ta kawo, daga asibiti take, ta ce in taimake ta ta wuce wannan makon kawai. Na neme ta daga baya a waya, ta ɗauka, ta ce ba komai, ita ta kawo kanta. Ba ta sake ɗauka ba.

Sai da takardar dakatarwa ta zo hannuna na tafi gida. Na sami Baba shi kaɗai na miƙa masa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ninke ta yadda take.

"Da faɗuwa ka yi, da na ce ƙaddara ce," in ji shi. "To kai ba faɗuwa ka yi ba."

"Baba, taimakonsu nake yi."

"Taimako? Su waɗannan da ka rubuta wa, in sun fita da takardar, a kan wa za su gwada abin da ba su iya ba?"

Ban da amsa. Ya tambaye ni ko kuɗi nake karɓa, na ce e. Ya ce in zauna in rubuta duk abin da na tuna, in mayar wa kowa nasa, ko zai ɗauke ni shekara. Na ce ai su suka ba ni da son ransu. Ya ce, "Ba don su za ka mayar ba." Bai sake ta da maganar ba har Allah ya yi masa rasuwa. Umma ce ta yi ta kuka, ita damuwarta abin da za a ce wa dangi in sun ga ina zaune a gida ana tsakiyar karatu.

Mayar da kuɗin nan ya fi zaman kwamiti wuya. Wasu suka ƙi ɗaukar wayata, suna zaton tarko ne. Wani ya karɓa ya ce in goge lambarsa. Ɗan gatan dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce, "Wane kuɗi? Ai ni ban taɓa ba ka komai ba, ko ka manta?" Nasa na bayar sadaka.

A wannan shekarar ta zaman gida na shiga karance-karance a kan abin, da farko don in samo wa kaina uzuri. Na kuwa samu, in uzuri ne a ce kana da abokan laifi da yawa. Tun 1964 wani mai bincike, William Bowers, ya tambayi ɗalibai sama da 5,000 a kwalejoji 99 na Amurka, kusan uku cikin huɗu suka amsa cewa sun taɓa yin wani nau'i na maguɗi. Lokacin babu intanet, babu wayar hannu. Donald McCabe na Jami'ar Rutgers, wanda ya ƙarar da shekarunsa a kan wannan bincike, ya gano cewa cikin abubuwan da suka fi ingiza ɗalibi akwai ganin da yake yi cewa 'yan ajinsa ma suna yi. Wannan na san shi tun kafin in karanta. Duk wanda ya taɓa kawo mini aiki da jimla ɗaya yake buɗe baki: ai kowa ma yi yake.

Labarin Jami'ar Harvard ta Amurka na 2012 ya fi kama da namu. Jarrabawa ce ta tafi-da-gidanka, an yarda a buɗe littafi da intanet amma an hana tattaunawa, sai aka ga amsoshi suna kama da juna. Aka binciki ɗalibai wajen 125, fiye da rabinsu aka sa su bar makarantar na wani lokaci. Da yawa sun kare kansu da irin abin da ɗan gatanmu ya faɗa, cewa ba a fayyace inda taimakon juna ya tsaya ba. Wasu cikinsu na tabbata gaskiya suke faɗa, don wannan iyakar malamai da yawa ba sa zana ta sai bayan an tsallake.

Amma abin da na fi bibiya, har bayan na koma makaranta, shi ne yadda ake yi da wanda ya amsa laifi. Jami'ar Virginia ta Amurka tana da tsarin amana, wato ɗalibai su ɗauki alkawarin ba za su yi maguɗi ba, tun 1842, kuma ta daɗe a kan hukunci ɗaya tilo: in an same ka da laifi, kora. Ana ganin tsananin zai tsoratar, sai ya zamana malamai da ɗalibai suna jin nauyin kai ƙara, don ba kowa ke son ya zama sanadin rusa rayuwar wani a kan jinga ɗaya ba. A 2013 suka buɗe ƙofa: wanda aka kai ƙararsa in ya amsa tun kafin shari'a, zai tafi zango biyu ya dawo. A 2022 ɗaliban da kansu suka kaɗa ƙuri'a suka sauke hukuncin korar dole. Makarantar sojan Amurka ta West Point kuwa ta bi hanyar a juye. Tana da shirin sassauci ga wanda ya amsa laifi, sai a 2020 aka zargi ɗalibai 73 da satar amsa a jarrabawar lissafi da suka rubuta daga gida lokacin korona. Mafi yawansu suka amsa, aka kori 8, aka maimaita wa fiye da 50 shekara, tsofaffin ɗalibai suka yi ca cewa an yi laushi, a 2021 aka soke shirin. Kowace makaranta tana jan igiyar nan, wata ta sassauta wata ta ɗaure.

Da na koma, Malama ce ta aiko a kira ni. Na zaci wani faɗan ne. Sai ta ce ta nemi izinin shugaban sashe in riƙa yi wa 'yan aji ɗaya bitar ƙididdiga duk ranar Asabar, a buɗaɗɗen aji, da sharaɗi guda: kada in taɓa riƙe biron ɗalibi. "In ka ji hannunka yana ƙaiƙayi, sa shi a aljihu," in ji ta. Awa ukun nan da na guje wa a daren farko, sai da na biya su ninkin-ba-ninkin. Abokin ɗakina ma ya riƙa zuwa yana zama a baya cikin yara. Ya ci kwas ɗin da kyar, da hannunsa.

Na gama, na nemi digiri na biyu. A fom ɗin akwai tambayar ko an taɓa hukunta ka a wata makaranta. Na ce e, na yi bayani a layi huɗun da aka bari. Wuri biyu ba su ko amsa mini ba, na uku suka kira ni suka yi mini tambayoyi suka ɗauke ni. Yau ni ma malami ne, kuma shekara uku ke nan ina cikin kwamitin da ke sauraron irin shari'ata. Shugaban sashenmu ya san tarihina lokacin da ya sa sunana. Cewa ya yi mai neman ɓarawo ya tafi da wanda ya san hanya.

Sana'ata ta dā ta mutu, ko ta kusa. Tun da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai yi wa mutum rubutu, ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, abin da nake kwana ina yi ana samunsa cikin daƙiƙa, kyauta. Makarantu suka ruga sayen manhajojin da aka ce suna gane rubutun ƙirƙirarriyar basira. Kamfanin OpenAI, wanda ya ƙera ChatGPT, da kansa ya fitar da irin wannan manhaja a farkon 2023, ya janye ta a watan Yuli saboda ba ta cika dacewa ba. Jami'ar Vanderbilt ta kashe tata a watan Agusta na shekarar. Wasu masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada manhajoji bakwai a kan rubutun ɗaliban da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, suka tarar ana yi wa fiye da rabin rubutun ƙazafin cewa na'ura ce ta yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ya koyi harshe a aji yana rubutu a tsanake da kalmomin da ya tabbatar da su, manhajar kuma irin wannan santsin take farauta. Na ga wannan da idona. An kawo mana wata ɗaliba da manhaja ta shafa wa ja, tana rawar jiki. Na ajiye rahotonta a gabanta na ce ta yi mini bayanin shafi na uku. Ta yi, har ta nuna mini inda ta yi kuskure da ban gani ba. Da maki na manhaja kaɗai aka bi, da yanzu tana gida.

Saboda haka ni dabarar Malama nake bi. Duk jingar da na bayar, nakan zaɓi wasu in kira su minti biyar-biyar su yi mini bayani da baki. Abokan aikina suna cewa a aji mai ɗaruruwa wannan wahalar da kai ce, kuma ba ƙarya suka yi ba, yana cinye mini ranaku. Sau biyu kuma na rubuta wa majalisa shawarar a sa sassauci a rubuce ga wanda ya amsa laifi tun farko, a kuma riƙa duba abin da dakatarwa za ta jawo wa mai tallafin karatu kafin a yanke. Ta farko an ce za ta buɗe ƙofar raini. Ta biyu tana gaban wani ƙaramin kwamiti.

Makon jiya na kira wani yaro ɗan aji biyu. Rahotonsa ya yi kyau ƙwarai. Na nuna masa layi ɗaya na ce ya faɗa mini abin da yake nufi. Ya karanta layin da ƙarfi, ya sake karantawa, ya yi shiru. Na miƙa masa fom ɗin jawabi. Ya riƙe shi bai buɗe biro ba.

"Malam, don Allah in tambaye ka. In na ce na yi, za a sassauta mini?"

Na ce masa littafin dokar bai yi wannan alkawarin ba, ni ma ba zan yi masa alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Na ce zan faɗa wa kwamiti cewa ya amsa da kansa, zan kuma yi magana a kansa iya ƙarfina, amma ƙuri'ata ɗaya ce cikin bakwai.

"In na musa fa?"

"In ka musa, hujjar da ke hannuna ita ce ka kasa yi mini bayani. Wataƙila ta isa, wataƙila ba ta isa ba."

Ya daɗe yana kallon fom ɗin. Sai ya ce, "Malam, da kai ne ya za ka yi?"

Na tashi na rufe ƙofar ofis, na dawo na ba shi labarin 47 da 74, ban rage komai ba, har da shekarar da na rasa, har da wanda ya musa ya tsira, har da yarinyar da ba ta dawo ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya ninke fom ɗin ya sa a jaka, ya ce in ba shi zuwa Laraba. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna.